Hannun Hagu a Aljihu

Duk wanda ya tashi a layinmu a Birnin Gwari ya san Baba Injiniya. Gidansa ne ke kallon namu, mai darbejiya a ƙofa. Ni da tsufansa na san shi, ya riga ya yi ritaya, amma labarinsa a bakin kowa yake. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Kuyello, ya tafi Zariya ya karanta aikin lantarki, ya yi ta yawo da iyalinsa gari-gari, yana ma cikin waɗanda suka ja waya ta cikin dajin nan tun lokacin da abin tsoro a cikinsa maciji ne kawai. Da ƙarfi ya ragu ya dawo gida da Hajiyarsa. 'Ya'ya suka watse neman abinci, jikoki suka cika gidan. Da Sallah in ka leƙa zaurensa, takalma kamar a ƙofar masallaci.

A cikin jikokin nan akwai sa'ana, abokina tun firamare. Kuma wallahi na yi kishinsa, har gobe ina yi.

Ni fa da farko babu wanda ya koya mini aikin wuta. Rediyon babana na fara farkewa, na sha duka. Daga nan tocila, daga nan fanka, daga nan na samu waya mai bidiyo, shi ke nan na haukace. Kai, wuta abu ce mai daɗi! Ba ka ganinta, amma in ka gyara mata hanya sai ta bi kamar ruwa a lambatu. Lokacin da wutar gari ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, mutane suka koma sola, ni nake haɗa wa masu cajin waya da masu shaguna. Duk da haka abu ɗaya nake so a duniya: Baba Injiniya ya ɗauke ni ɗalibinsa.

Duk abin da na haɗa sai na kai masa zaure. Ya karɓa, ya jujjuya, ya miƙo mini.

"Madalla, ɗan maƙwabci. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan fa. Sai ya ce a kawo mini kunu.

Amma bari jikan nan ya riƙe waya a gabansa!

"Kai, sakarai! Wa ya ce ka murɗa ta haka? Igiyar akuya kake tufkawa? Kwance, sake!"

Ya ƙwanƙwashe shi da ƙotar sukudireba, ya kama yatsunsa ya nuna masa. Ni ina gefe da kofin kunu, raina kamar ya fita. Mun fito jikan yana sosa kai yana cewa, "Kai ka huta, kullum albarka ake sa maka."

Na ce, "Mu yi musanya mana."

"Ɗauki kakan gaba ɗaya, har da sandarsa. Kyauta."

Da na kai ƙara wajen innata, dariya ta yi. Ta ce kara yake yi wa babana, dattijo irinsa ba zai buɗe baki ya zagi ɗan mutane ba. A nan na gane abin da ke ci mini rai. Albarkar ta baƙo ce. Zagin shi ne na ɗan gida, kuma a cikin zagin karatun yake.

Akwai wata ɗabi'a tasa da kowa ya sani. In zai taɓa wani abu na wuta, ko soket ɗin ɗakin Hajiya ne, sai ya cusa hannun hagu a aljihu, ya yi aiki da dama kaɗai. Mutanen layi suna cewa yangar 'yan bokon da ce. Na lura jikan ma haka yake yi, na tambaye shi dalili, ya ce, "Sirrin gidanmu ne," yana mini gwalo. Na so in shaƙe shi.

Wata rana bohol ɗin unguwarmu mai aiki da sola ya tsaya. Layin jarkoki har kwanar titi, ga mutanen ƙauyukan Kakangi da suka dawo gari sun ƙara mana yawa. Ni aka kira. Baba Injiniya a lokacin ya tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma ya ce sai an kai shi. Jikan, wanda ya zo hutu daga makarantarsa a Kaduna, ya ɗauko masa kujera ya ajiye dab da akwatin wayoyin.

Rana ta take sosai. Ni kuwa ga jama'a, ga Baba, sai na ce yau zai ga aiki. Na buɗe akwatin, na dafe ƙarfensa da hannun hagu, na zura sukudireba da dama. Ban cire wayar da ta sauko daga faifan sola ba.

Sai ji na yi ƙau, sanda a wuyan hannuna.

"Kai, shashasha! Cire hannunka! Ka raba ta sama?"

"A'a, Baba."

"A'a, Baba! Rana tana dukan faifai kana cusa hannu biyu? In wuta ta shiga ta dama, ta hagu za ta nemi fita. Me ke tsakaninsu?"

"Ƙirji."

"Zuciyarka, sakarai! Ni da bayana na goyo gawar abokin aikina daga cikin dajin can, kuma ya fi ka iya aiki nesa ba kusa ba. Sa hannun nan a aljihu!"

Mata suna dariya, yara suna "an dake shi, an dake shi", ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa don daɗi. Na raba wayar, na cusa hannu a aljihu, yana ta mini faɗa har muka gano fiyus ne ya ƙone. Ruwa ya zubo.

Muna naɗe kaya jikan ya matso kunnena. "Daina washe baki. Ba ya gani fa. Ya ɗauka ni ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tuwo ma ya daina mini daɗi. In gaskiya ya faɗa, to ko sandar da na sha ta aro ce, tasa ce aka ba ni bisa kuskure. Na yi ta juya abin har na kasa, na tsallaka zauren wata safiya. Baba yana zaune, Hajiya ta aiko masa da koko.

"Baba, ina kwana. Tambaya gare ni. Ranar bohol, ka san wanda ka doka?"

Ya ajiye ludayi. "Me aka ce maka?"

"An ce ka ɗauka jikanka ne."

"Jikana? Wannan tun yana ɗan ƙarami na cire masa wannan wautar. Duk garin nan wa zai cusa hannu biyu a akwati da tsakar rana in ba kai ba?" Ya nuna tabarma da sanda. "Zauna. Kuma fankar nan da ka kawo mini bara, haɗin banza ne, na yi shiru ne don babanka. Je ka ɗauko ta."

Da gudu na tafi. Daga ranar ban ƙara shan kunu cikin kwanciyar hankali a zauren nan ba, sai zagi safe da yamma, har damina ta wuce.

Bayan girbi ya kwanta, bai tashi ba. An ce ya haura casa'in. Ranar jana'iza layinmu bai ɗauki mutane ba, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne daga ko'ina. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Akwatin kayan aikinsa jikan aka ba, kuma na san haƙƙinsa ne. Ya samu kakan tun yana rarrafe, ni damina ɗaya na samu. Yanzu yana aikin ofis a Kaduna, filayar Baba tana ƙarƙashin gadonsa tana tsatsa. Duk zuwan da ya yi sai na ce ya ara mini, sai ya ce, "Ba ka gaji sandar ba?" Ranar nan ya same ni a shagon wani mai caji, hannun hagu a aljihu, ya ce wai ina satar sirrin gidansu.

Na ce masa ba sata ba ce, da duka aka ba ni.