Ramlatu Ta Ƙi Sa Hannu

Ranar da karsanata ta mutu, ni da Ramlatu muka yi ta a bakin kasuwar Kibiya, har masu fura suka bar ƙorensu suka zo kallo. Shanuna uku ne a duniya, suna hannun Manu, Bafillatanin da ke mana kiwo a bayan Unguwar Gai. Shi ya kira lambar kamfanin su Ramlatu, wadda na'ura ke amsawa da Hausa kamar mutum, ya ce a turo malamin dabbobi ya yi rigakafin ciwon huhu. Malam ya zo da allura biyar, garke kuwa, Allah ya ƙara, ya cika fage. Tawa ba ta samu ba.

Na ce, "Ke 'yar Ishiyaku, aljanin wayarku ya cinye mini saniya!"

Ta ce, "Inna Jumai, ba na'urar ba ce. Ina zaton takardar da aka rubuta mata ce."

"Ji shashanci! Takarda haƙora gare ta?"

"Wata tana da su, Inna."

Haka take tun tana yarinya a Saji. Uwarta ta ce sayo gishiri, sai ta toge a bakin zaure: na miya ko na shanu? Wajen wa? In babu fa? Ta sha dundu, ba ta daina ba. Ta tafi Kano ta karanto kwamfuta, halin nan da ya ja mata duka shi ya samo mata aiki.

Na'urar nan baƙuwar 'yar aike ce, ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. An ba ta kayan aiki, wannan na kiran malamin dabbobi, wancan na duba zuwan ruwa, kowanne da takardar da ke gaya mata yadda za ta yi da shi. Ramlatu ke karanta takardun, ta mai da kanta baƙuwa, ta bi su kalma-kalma ta ga inda za su jefa ta rami. Sai ta sa hannu ake sakin takarda. Ta malamin dabbobi kuwa tun kafin a ɗauke ta aiki aka sake ta.

Bayan faɗanmu ta je ta zaro takardar. Abin da aka rubuta: yawan shanu, dole a cike. Shi ke nan. Wanda ya rubuta ɗan birni ne, bai san Bafillatani ba ya faɗin yawan shanunsa ba, ga tsoron kambun baka, ga tabon jangali tun na kakanni. Manu ya san kowace da sunanta da uwarta, amma tambaye shi nawa ne, sai ya ce, "'Yan kaɗan ne, alhamdu lillahi." Na'ura an ce mata dole, ta mai da kaɗan biyar.

Da rigakafin bana ya zo, ogansu Dalhatu ya miƙo mata takardar yadda take, wai ta sa hannu kafin Litinin. Ta ce sam.

"Layi ɗaya ne fa, Ramlatu."

"Layi ɗayan ne ya kashe karsanar tsohuwa, ranka ya daɗe."

"To ki sa hannu ko ki ajiye mana kwamfutarmu."

"Zan ajiye. Amma sai ka bi ni ruga tukuna."

Ya bi ta, da takalminsa mai sheƙi, ya tsaya cikin kashin shanu. Ramlatu ta ce, "Baffa Manu, kira lambarmu." Manu ya kira. Na'ura ta tambayi yawa, ya ce 'yan kaɗan ne, shanu kuwa na ta ture Dalhatu ta ko'ina. Ta nuna masa abin da na'urar ta aika: biyar.

A nan ta zauna kan turmi ta sake rubutawa. Kada ki nemi lissafi. Tambayi mutum nawa ke fita da su kiwo, da yawan kanwar da suke lashewa a wata. In bai faɗa ba, rubuta ba a sani ba, malam ya zo da rara. Kada ki ƙaga lamba.

Litinin ta wuce da kwana tara kafin a gama gwaji. Bana kowace saniya ta samu, har biyuna. Dalhatu ya karɓi gyaran, amma da wa'adin aikinta ya cika bai sabunta ba, wai tana da nawa wajen aiki. Ba ta roƙe shi ba. Wani wuri a Kaduna ya kira ta.

Na raka ta tashar Rano da ƙunshin daddawa. Ta ce in yafe mata. Na ce, "Karsana dai ban yafe ba. Ki tafi da ita a wuya. Duk wanda ya miƙo miki makauniyar takarda ya ce sa hannu, ki ce masa ya cire takalmi ya bi ki ruga."