Rana Ce Ke Dafa Hayaƙin

Ina shanya shinkafa a ƙofar gida wani direba ya tsaya muka gaisa, ya ce matar nan da ta taɓa haya kusa da mu ta rasu can garinsu a kudu. Na ce Allah ya ba iyalinta haƙuri. Na ci gaba da baza shinkafar, ban ɗago ba har ya tafi.

Lokacin ginin dam ɗin Bakolori ta zo Talata Mafara. Mijinta bakanike ne na manyan motoci, ita kuwa ta taɓa aiki a asibiti. Gidanmu na bakin hanya. Tun asuba ake tayar da motocin a bar su a kunne, ga injinan wuta, ga kwalta ana narkawa.

Mahaifina na fama da fuka. Mu a saninmu sanyin safe ne ke tayar da ita, sai mu rufe shi a ɗaki har hantsi, sannan mu shimfiɗa masa tabarma a rana. Da azahar numfashi ya gagara, ido na ruwa, mu ce sanyi ne bai sake shi ba.

Wata rana matar ta tsaya ta gaishe shi da Hausarta mai gargada.

"Baba, wa ya shanya ka?"

"Ɗiyan ga," in ji shi. "Barkono sunka ɗauke ni."

Ta yi dariya, sannan ta nuna mini sama wajen da ake ajiye motocin. Wani abu jaja-jaja ya kwanta can. Ta ce hayaƙin safe shi kaɗai bai kai haka ba. Idan iska ta tsaya, rana ta buge shi, sai ta dafa shi ya koma abu mai yaji, ya ci ido da huhu. Ta ce a riƙa fito da shi da safe ta bayan gidanmu, nesa da hanya, da rana a mayar da shi ɗaki.

Mahaifiyata ta ƙi. Shi ya ce a gwada. Tarin bai rabu da shi ba, amma ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, har ya ga aurena.

Da aiki ya ƙare matar da mijinta suka koma gida. Direban ya san tashar garinsu, bai san gidan ba. Har yau ban kai wa 'ya'yanta gaisuwa ba.