Sunan da Na Goge Sau Uku

Komai zan iya mantawa a rayuwata ban da abin da ya faru shekarar da na haɗa wa danginmu shafin intanet na asalin zuri'a. Gidanmu babba ne a cikin birnin Zariya, mun yi yawa har wasu ba su san wasu ba. Na bi dattawa na tattara sunaye, na bar shafin a buɗe, kowa na iya gyarawa.

Wata safiya sai na ga sunan wata mace ƙarƙashin na marigayi mahaifina, sama da nawa. Mu huɗu na sani ya haifa, duk maza, ni ne babba. Na goge. Bayan kwana biyu ya dawo, na sake gogewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a ganina wani ne ke son a ce Baba yana da 'ya a waje. Nan take zuciyata ta tafi kan ɗan baffana, wanda dama ba ma ga maciji, kuma ya san kwamfuta. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum.

Da na goge na uku sai na yi wa shafin ƙofa. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma duk wanda ya taɓa wani abu shafin zai rubuta. Izinin gyara na ba dattawa uku, sai Inna, mahaifiyata, don girmamawa kawai. Ɗan baffana kuwa karatu kaɗai na bar masa. Da ya tambaye ni dalili a zaure, na ce, "Kai ka sani." Ina da baki a lokacin, Allah ya yafe mini.

Washegari sunan ya dawo. Na duba, sai na ga da sunan Inna aka shiga. Ko a nan ban hankalta ba, na je ɗakinta a fusace.

"Inna, wa kika ba wayarki? Yaron nan ne ko?"

Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. "Ban ba kowa ba. Ni na rubuta."

"Wace ce ita?"

"Yayarka ce. Kwana goma sha tara ta yi a duniya. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa faɗin sunanta ba. Da na ga an jera kowa babu ita, na ce hannu ai ba ya jin kunya." Sai ta dube ni. "Wani ne yake ta gogewa, ban san ko wane ne ba."

Na zauna a ƙasa. Da kyar na ce, "Ni ne, Inna."

Ranar na je na ba ɗan baffana haƙuri, na kuma kulle sunan yadda ko ni ba zan iya goge shi ba. Tun daga nan na yarda zato zunubi ne, kuma kafin in nemi mai laifi a waje, kaina nake fara tuhuma.