Kuɗin Kwanan Motar Nemani

Duk mai hawa bas ɗin safe daga ƙauyenmu zuwa garin Labasa ya san Nemani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai faɗin ƙirji da yake zama bayan direba da fulas ɗin shayi a cinya, yana taka burkin da babu shi duk sanda aka zo gangara. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar rake ta wasu, bai taɓa buge ko kaza ba, amma bai taɓa mallakar wani abu ya wuce wata guda a hannunsa ba. Ba lalaci ba ne. Bakinsa ne kawai bai iya cewa a'a ba.

A wajenmu ɗan'uwa ba ya roƙo a hana shi, sai dai masu wayo suna tura abinsu ƙarƙashin gado kafin baƙo ya shigo. Nemani ko wannan bai iya ba. Ɗan 'yar'uwa kuwa ba ma sai ya roƙa ba, abin da ya ɗora wa ido a gidan kawunsa ya zama nasa, haka muka taso muka tarar. To Allah ya haɗa Nemani da Waisake, ɗan yayarsa, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar da idon da ba ya ƙetare komai. Tsani, rediyo, takalmin zuwa coci, duk sun bi shi. Har tukunya ya taɓa ɗauka da gwaza a ciki, matar Nemani, Salanieta, tana tsaye da ludayi a hannu.

Da Nemani ya aje aiki aka ba shi kuɗin sallama, bai yi shawara da kowa ba, ya sayo wata tsohuwar mota fara. Kai, ranar ka ga murna! Ya wanke ta, ya shimfiɗa mata tabarma a kujerar baya, ya zagaya ƙauye sau ɗaya yana danna oda. Zagayen nan shi ne kuskurensa. Washegari aka kai wata haihuwa da ita, jibi aka kai gaisuwar mutuwa, gata aka kai 'yan ƙwallo. Mai mota ya koma kujerarsa ta bayan direban bas.

Wata Asabar Waisake ya ɗauke ta zai kai alade gidan biki. Kusa da gada saniya ta fito daga cikin rake, ya kauce mata, ya zarce cikin kwata. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, aladen ma ya samu hanya ya gudu, amma gaban motar ya lotse, bayanta ya tare rabin titi. 'Yan sanda suka zo suka kira janwe aka tafi da ita. Da yamma Waisake ya shigo yana sosa ƙeya.

“Kawu, ga makullinka.”

Salanieta ta ce tun da aka kawo ta gidan nan, ranar ce ta fara ganin Waisake ya dawo da wani abu.

Litinin da safe Nemani ya ɗaura zanensa na coci, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya sayi babban ƙullin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha, wadda babu mai zuwa neman alfarma ba tare da ita ba. Ya shiga ofishin 'yan sanda, ya zauna daram a ƙasa gaban kanta, ya tafa hannu, ya fara jawabi tun daga kakanninsa. Ɗan sandan da ke bakin aiki ɗan gida ne mai tarbiyya, dole ya zagayo ya tsuguna, ya karɓa da hannu biyu, ya mayar da jawabi, masu kawo ƙara suna tsaye suna jira. Sai da aka gama tas ya ce, “Baba, mun karɓa, mun gode. Amma motar ba ta hannunmu. Tana garejin Urmila, can za ka biya.”

Urmila gajeriyar mata ce mai tabarau, ta gaji garejin daga mijinta, ta gaji muryarsa ma. Ta dubi sabon ƙullin yangona da Nemani ya kawo, ta ce, “Baba, mayar da kayanka, ni shayi nake sha. Akwai kuɗin ja, akwai kuɗin kwana.”

“Kwana kuma? Otal kika buɗe wa motoci?”

“Otal mana. Kullum gari ya waye lissafi ya ƙaru. In ka yi shiru aka daɗe ba a ga ko dala ɗaya ba, gwanjonta za a yi.”

Abu ɗaya tal da Nemani ya saya da gumin shekara talatin, a ce a buga masa ƙararrawa a kasuwa? Ya roƙa a bar shi ya gan ta. Tana can ƙarshen fili ƙarƙashin mangwaro, hanci a murɗe. Ya buɗe ya zauna, ya riƙe sitiyari, idonsa ya cika da ƙwalla.

Yana zaune sai ga Waisake, ashe ya biyo shi. Ya zagaya motar yana jajantawa, sannan ya ɗaga murfin inji.

“Kawu, tunda ba tafiya take yi ba, bari in ɗauki batirin, na jirgin ruwana ya mutu.”

Nemani ya buɗe baki zai ce to, kamar kullum, sai muryar Urmila ta tsaga filin.

“Kai! Ajiye shi!”

“Uwar ɗaki, na kawuna ne fa.”

“Ko na kakanka ne. Ko noti ɗaya ba ya fita ƙofar nan sai an gama biya, 'yan sanda sun sa hannu. Rufe min, ka kama gabanka.”

Waisake ya dubi kawunsa. Kawun ya buɗe hannuwa ya yi fuskar tausayi, wai ka gani, ba daga ni ba ne. Amma a cikin cikinsa wani sanyi ne ya sauka, irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. An ce a'a a kan kayansa, ƙasa ba ta tsage ba, kuma ba bakinsa ne ya faɗa ba.

Daga ranar Nemani ya samu wurin zuwa. Kullum da safe zai hau bas da fulas ɗinsa, ya ajiye wa Urmila 'yan daloli daga kuɗin fanshonsa, daidai abin da zai hana gwanjo, amma ba zai taɓa cike bashin ba. Sai ya wuce ƙarƙashin mangwaro, ya goge gilashi, ya shiga, ya kunna rediyo, ya kwantar da kujera. Babu mai haihuwa, babu mai alade. Wani lokaci Urmila takan aiko masa da gurasar roti da miyar kabewa. Ta gane shi tun makon farko, don mace ce da ba a yi mata wayo.

“Baba, abin da ka zuba min ya kusa isa ka fitar da ita, da a dunƙule ka kawo.”

“'Yar nan, ina ruwanki? Na yi ƙorafi ne?”

A gareji dai bai yi ƙorafi ba, amma a gida, tabɗi! Don kada a gano shi, duk yamma in an zauna shan yangona sai ya dafe kai. “Matar nan za ta kashe ni. Kullum kuɗi, kullum kuɗi. Ni da motar nan sai dai a lahira.” Har da share hawaye da gefen zani. Ni kaina ina wurin, kuma na rantse na tausaya masa. Abin haushin shi ne ya iya wasan ya wuce kima.

Waisake, duk da halinsa, yana son kawunsa. Kukan nan ya hana shi sukuni. Ranar Lahadi bayan an tashi coci ya miƙe gaban jama'a ya ce shi ne ya jefa tsohon nan cikin wahala, kuma ƙauye guda ba zai zuba ido wata mata ta cinye dattijonsu ba. Aka shimfiɗa tabarma, kowa ya kawo abin da ya samu. Mata suka sayar da kifi da rogo, 'yan ƙwallo suka yanke ciyawar makaranta, har tsohuwar da ba ta gani sosai ta kwance bakin zaninta. Aka ɓoye wa Nemani, don a ba shi mamaki.

Ya kuwa sha mamaki. Yana kwance a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, ƙafa a kan taga, sai ya ji waƙar coci tana matsowa. Babbar mota ce cike da ƙauyenmu, fasto a gaba, Waisake riƙe da takardar 'yan sanda yana kaɗa ta sama. Aka biya Urmila tas. Aka rataya wa Nemani furanni a wuya, aka ɗaga shi sama. Ya fashe da kuka, kuka na gaske wannan karon, mata suna cewa, “Allah sarki, murna ce.” Urmila ce kaɗai ta kau da kai tana goge tabarau.

Wani ɗan'uwa mai gyaran jikin mota ya miƙe mata hanci kyauta. Yanzu tana tafiya lafiya lau, kuma tunda babu gidan da bai zuba kuɗi a kanta ba, ba a ma zuwa neman makulli wurin Nemani, a jikin ƙusa yake a shagon ƙauye. Rannan yana tsaye a bakin titi da buhun rogo ta wuce shi maƙil da mutane, suka ɗaga masa hannu suna ihun babu wuri.

Har yau yakan leƙa garejin da fulas ɗinsa, ya zauna kan tsohuwar taya ƙarƙashin mangwaro. Makon jiya ya kurɓi shayi, ya yi ƙasa da murya.

“'Yar nan, in mota ta tsaya inda aka hana tsayawa, ku ake kira ku ja?”

“Mu ne, Baba.”

“To ina ne 'yan sanda suka fi saurin gani?”

“Ƙofar kasuwa, ranar Asabar.”

Nemani ya gyaɗa kai, ya rufe fulas. Ya riga ya faɗa wa Waisake yana son aron motar ranar Asabar. Waisake ya ce zai duba, amma akwai mutum uku a gabansa.