Notin da Yaya Ya Ƙara wa Ɗauri

Paraku

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Titiru. Ƙasarmu a lokacin Dahome ake kiranta, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, hanyar Jugu kuwa jar ƙasa ce. Mu uku ne a gaban kamyon, babbar motar kaya ta yayana Sanusi: shi a sitiyari, Iya mahaifiyarmu a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Saƙo ne ya iso cewa ƙanwar Iya, Inna Rabi, tana kwance a Jugu rai a hannun Allah, tana ta kiran sunan yayarta.

Ni makanike ne, kuma ni na gyara motar jajibirin tafiya. Na sa sabon boris a pon, wato akwatin haƙoran da ke juya ƙafafun baya. Akwai noti guda da ke matse boris ɗin, shi ne ran aikin. Kaɗan-kaɗan ake ɗaure shi, ana juyawa da hannu, har a ji ya ɗan yi nauyi amma yana tafiya sumul. Ya yi sako-sako, haƙora su ci juna. Ya matsu da yawa, boris ya ƙone. Da na gama na buga masa shaida da kurfi, na tafi gida.

Beteru

Hantsi ya yi muka iso gadar Beteru. Jandarma ya duba takardu, ya leƙa ya ga tsohuwa da carbi, ya ɗaga mana sanda. Iya ta ƙi ko kallon soyayyar doyar da na sayo mata.

Muna wuce gari na fara jin wani kuka daga baya, siriri kamar na sauro.

"Yaya, tsaya mu duba."

"Kunnenka ne. Sabon ƙarfe dole ya yi kuka."

Ya ƙara wuta. Kukan ya koma gurnani, warin ƙonannen mai ya cika mu. Sai da Iya ta dafa hannunsa ya taka birki.

Na shiga ƙarƙashi. Na tofa wa pon yawu, ya yi cuu! Na duba shaidata, ta gusa nesa da inda na bar ta.

"Wa ya taɓa notin nan?"

Ya kau da kai. "Na juya shi da hannu jiya, na ji yana tafiya. Abin da hannu ke juyawa ai bai ɗauru ba. Na zura wa sifana bututu na hau kai."

Hau kai! Ƙato kamarsa! Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce masa gidana da garejin taku nawa ne da ba zai aiko a tambaye ni ba? Ya ce motarsa ce. Na ce ƙanwar Iya fa, ita ma tasa ce? Iya ta ce, "Garba, ya isa. Gyara mu tafi."

Seru

Ba inda za a sami boris a dajin nan, kuma ba motar da ta gifta. Na jira ƙarfe ya huce, na sassauta notin, na ƙara mai. Muka dinga rarrafe, mai keke ma yana wuce mu. Mu ɗan taɓa, mu tsaya, in jiƙa buhu in lulluɓe pon. Ruwanmu ya ƙare kusa da Seru. Wasu mata masu dawowa daga rafi suka sauke tulunansu suka juye mana, da Iya ta gaya musu da harshen Dendi inda za mu. Ɗaya ta ɗora hannu a ka.

Jugu

La'asar sakaliya muka shiga. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, wasu da jar ƙasa a ƙafa. An rufe Inna Rabi bayan azahar. Da motar lafiya take, da tun kafin rana ta take muna gefenta.

Iya ba ta yi kuka a waje ba. Ta sauko, ta gyara mayafi, ta tambayi surukar gidan, "Ta yi ta nemana?" Matar ta sunkuyar da kai.

Ina tsaye na ji Yaya yana gaya wa masu gaisuwa wai kayan gyaran zamani ne ba su da ƙwari. Na tashi daga wurin don kada in yi abin kunya a gidan makoki.

Komowa

Bayan sadakar bakwai na sa wani boris, na ɗaure da hannuna, muka juyo. Iya ta ce a shimfiɗa mata tabarma a baya cikin buhunan dawa. Yaya ya roƙe ta ta dawo gaba, ya ce rana za ta dake ta. Ta ce can ya fi mata iska.

Mun iso Paraku lafiya kafin magariba, mun gode wa Allah. Ina kuma gode wa matan Seru da ban san sunansu ba, Allah ya shayar da su. Iya ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake zama gaban motar nan ba.