Birkin da na yi wa Kawu

Ni mai walda ne. A rumfata ta Kara-Kara ƙofa nake yi, da taga, da gadon ƙarfe. Ban taɓa zaton zan gina dangina da wayar ƙarfe ba, sai ranar da Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya jingine kekensa a bakin rumfa ya miƙo mini wayar salula.

Bidiyon wani abin Turawa ne a ciki: ƙwallo ɗan mitsitsi yana gangarowa a kan siraran hanyoyin ƙarfe, ya yi kwana, ya buga ƙararrawa, ya wuce. Kawu ya daɗe a aikin gwamnati, kuma tun da ya bar shi bai bar ba da umarni ba.

"Bon," ya ce. "Irinsa za ka yi mini, amma da pilan ɗina."

Pilan ɗin, wato zanen, a bayan ambulan na wasiƙa yake. Can sama gidan gado na garin Gidimuni, da tafki da dabino. Daga nan ƙwallo zai bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, kamar yadda muke zagayen gaisuwar Sallah, kowane gida da ƙararrawarsa. Can ƙasa gidan Kawu, wanda ya zana da bene alhali na gaskiyar ko matakala ba shi da ita.

Na ƙirga gidaje, na sake ƙirgawa.

"Kawu, ban ga gidan Inna ba."

"Ba ka gani ba don babu shi."

Inna mahaifiyata ita ce babbarsu, ita ta goye shi. Shekara shida ba su ga maciji da juna saboda dabino guda da ya tsiro a kan iyakar lambunsu na gado. Kafin rigimar, duk Sallah sai ya zo ƙofarmu ya yi ta kaɗa ƙararrawar keke maimakon sallama, Inna tana masifa daga ciki tana ɗauko masa kwanonsa. Na yi kewar wannan hayaniyar ƙwarai. Raina ya ɓaci, amma kawu kawu ne, na karɓi aiki.

Allah ya gani, na yi yadda ya ce. Tafkin da gindin tsohon faranti na yi shi, ƙwallayen kuwa daga mataccen boris na ƙafar mota na ciro su. Sai dai tsakanin gidan gado da gidan Goggo, ƙanwar Inna, inda ya kamata a tsaya wajen Inna, gangaren ya yi tsawo. Kafin ƙwallo ya iso gidan Goggo ya haukace. Gwajin farko ya tsallake hanya ya faɗa kofin shayin maƙwabcina tela. Na biyu ya sami Kawu a goshi, daidai ƙasan hula.

"Ka rage masa gudu!"

"Da me, Kawu? Ba ya jin Faransanci."

Na kwantar da hanyar, ƙwallo ya tsaya cak a tsakiya kamar jaki ya ga ruwa. Na ɗaga ta, ya koma harbin mutane. Kwana huɗu ina fama, tela ya koma shan shayi da hannu a kan kofi. A ƙarshe na lanƙwasa waya na yi wani zagaye a wurin, ba rufi, ba ƙofa, ba ƙararrawa. Ƙwallo ya shiga, ya kewaya sau uku a natse, ya fito ya gaida Goggo cikin ladabi.

Kawu ya ƙura wa zagayen ido. "Wannan fa?"

"Birki ne."

"Birki," ya maimaita, yana shafa goshi.

Matsalar ita ce duk wanda ya leƙo rumfar ya san danginmu. Kowa ya bi ƙwallo da ido sai ya ce, "A'a, ga gidan Yaya nan, har ya fi daɗewa a wurinta!" Kawu ya yi ta cewa birki ne har muryarsa ta dushe. Kafin Juma'a labari ya kai kunnen Inna.

Ranar da zai ɗauki kayansa, sai ga ta a kan kabu-kabu, ita da ke cewa babur abin marasa haƙuri ne. Ba ta dubi ƙanenta ba. Ta karɓi ƙwallo a hannuna ta saka a gidan ubansu. Har tela ya tsayar da ɗinki. Ƙwallo ya gangaro, ya kewaya sau uku, ya wuce.

"To," ta ce da ni, "ko ƙarfe ya san ba a wuce ƙofata da gudu. Amma kai, don rashin kunya, kowa da ƙararrawa ban da uwarka?"

"Sun ƙare, Inna." Gaskiya ce kuwa, biyar na samo.

Kawu ya tashi ya fita. Na ce shi ke nan, na ɓata abin da dama a ɓace yake. Sai muka ji ƙarar ƙarfe a waje. Ya dawo da ƙararrawar kekensa a tafin hannu, ya ajiye a kan teburina, idonsa a kan bango.

"Sa wa birkin," ya ce.

Maganar dabino har yau ba a gama ta ba. Amma da Sallah ta zo, muka ji tsayuwar keke a ƙofar gida, shiru ba ƙararrawa. Dole Kawu ya yi sallama da bakinsa. Inna ta bar shi ya yi har sau uku kafin ta amsa, alhali tun da hantsi kwanonsa yake rufe a gefen tabarmarta.