Gwiwar Fatawu

Na san Fatawu tun yana ɗan makaranta. Uwarsa Amamata mutuniyar Kumasi ce, flat ɗinta yana kallon nawa a unguwar Peckham, a London. Da Malam mijina ya rasu, ita ce ta riƙa aiko min da abinci har na fita takaba, kuma Fatawu ne mai kawowa. Abin da na fara lura da shi a wajensa shi ne gaisuwa. Yaron da aka haifa a London, amma ba ya gaida babba a tsaye. Ko a tsakiyar titin Rye Lane muka haɗu, mutane na ture juna, sai ya kai gwiwa ƙasa ya ce, "Hajiya Luba, ina wuni." Amamata ce ta koya masa, da jan kunne da rankwashi, kuma da wannan take tinƙaho cikin mata.

Da ya girma ya samu aiki a wani asibiti, yana tura gadajen marasa lafiya. A can mahaifinsa Gariba ya yi jinya, a can ya cika. Bayan rasuwar uban, Fatawu ya rage magana, ya rame. Da shekara ta zagayo ya ɗauki hutu, ya sayi ƙatuwar jakar goyo, ya ce zai je Thailand ya sha iska. Amamata ta ce, "Mai jaka a baya kamar wanda aka kora? Ka tafi Umra mana." Ya yi murmushi ya ce ai ya riga ya yi booking ɗin jirgi.

Yana can hoton ya iso. Wata abokiyar tafiyarsa, Sharon, ta ɗauka ta sa a waya, daga hannu zuwa hannu har ya faɗo group ɗin matan masallacinmu. Ga Fatawu ba takalmi, gwiwa a ƙasa, hannu biyu a miƙe gaban wani tsoho mai aski ƙwal da mayafi ruwan goro. A bayan tsohon kuwa ga ƙaton gunki na zinariya a zaune. Ba wadda ta rubuta komai a ƙarƙashin hoton. Ranar Juma'a dai na ga sahu ya ɗan yi wa Amamata faɗi ta kowane gefe.

Ta shigo wajena da wayar a hannu. "Hajiya, duba ɗanki. Ubansa bai daɗe a ƙasa ba, ya tafi ya yi wa gunki sujada."

Na sa tabarau na duba. Na ce, "Maman Fatawu, goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Kuma tsohon yake kallo."

Ta ce, "Ke kin gani haka. Sauran fa?"

Da ya dawo, ƙofata ya fara bugawa, jakar na bayansa, don uwar ta daina ɗaukar wayarsa. Na ba shi shayi, ya ba ni labarin ranar, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ya ce wurin da aka ɗauki hoton ɗakin ibada ne a kan dutse, matakala ce doguwa cikin daji, ga zafi ga birai masu fizge abinci. Ruwansa ya ƙare tun a rabin hanya. Da ya kai sama aka ce a cire takalma, ya cire. Jiri ya ɗebe shi, ya jingina da ginshiƙi. Sai wannan tsoho ya taso da kofin ruwa ya miƙo masa.

"Hajiya, sa'an Baba ne, har ya girme shi. Ya zan karɓa a tsaye? Ban ma yi tunani ba. Ƙafar ce ta yi da kanta."

Na ce, "Gunkin fa?"

"Sai a hoton na ga yana bayansa."

Da ya tsaya nan da na samu sauƙi. Amma ya ci gaba. Ya ce bayan ya sha ruwan ya zauna a bakin dutsen, iska na kaɗa ƙananan ƙararrawa, gari na can ƙasa kamar an zuba tsakuwa, sai kuka ya zo masa, wanda bai yi ba ranar jana'iza. Tsohon ya zauna nesa kaɗan da shi. Ya ce tun rasuwar Babansa bai ji ƙirjinsa ya sake ba sai a wurin. A hanyar saukowa ya yi la'asar ƙarƙashin wata bishiya. Na yarda da shi. Amma har yau ina juya abin a raina, me ya sa kukan bai zo masa a cikinmu ba.

Na raka shi ƙofar uwarsa. Ta buɗe, ya sauke jaka, ya fara yin ƙasa yana cewa, "Mma, na dawo."

Ta ce, "Tashi. Gwiwar da ka kai can, kar ka kawo min ita nan."

Ya tsaya a rabi, ya dube ta. Sannan ya miƙe a hankali. Ta matsa ya shiga.

Sun shirya daga baya, yana cin tuwonta, yana kai ta masallaci, matan ma sun samu wani zancen. Sai dai tun ranar Fatawu bai ƙara durƙusa wa kowa ba. Da Sallah ya zo gaishe mu, muna zaune ni da Amamata a falonta. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ce, "Barka da Sallah, Mma. Barka, Hajiya." Na ga ta janye ƙafafunta daga kan darduma, ta bar masa fili a gabanta kamar yadda ta saba. Ya wuce kicin. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce min shayin ya huce, bari ta ɗumama.